Labarin 'Yar Rawa: A Rubuta ko A Rufe?

A watan Fabrairu na 2020 wata budurwa baƙar fata mai kiran kanta Asayel ta saki waƙar gambarar zamani a YouTube, ta raɗa mata suna Bint Makka. Ga wanda ya saba da finafinan Kano, babu abin tayar da hankali a bidiyon: tana sanye da mayafi da tabarau a cikin wani shagon shan gahawa, yara suna tsalle a bayanta, tana koɗa 'yan matan garin. Ba a jima ba hukumar yankin Makka ta sanar cewa gwamna, Yarima Khalid al-Faisal, ya ba da umarnin a kama waɗanda suka yi aikin, wai ya ci karo da al'adun mutanen garin. Abin da ya biyo baya a Twitter ya fi umarnin ciwo. Da yawa ba su tsaya kan waƙar ba, fatar mai waƙar suka bi, suna cewa ai ba 'yar Makka ba ce, a tattara irinta a mayar da su Afirka. Wasu kuma suka yi tambaya: ba a watan Yulin da ya wuce aka gayyato Nicki Minaj zuwa Jidda ba, ita ce da kanta ta fasa zuwa?

Bahaushen da ke zaune a Makka, ko bai taɓa sauraron gambara ba, ya ji maganar nan a jikinsa. A Shisha, unguwar da ke gabas da Harami ta wajen hanyar Mina, dogayen benayen bakin titi na alhazai ne, su cika maƙil a watan Hajji, su yi tsit bayan an watse. Amma a lungunan baya akwai masu zaman dindindin, cikinsu har da namu: jikokin waɗanda suka taho a ƙasa ta Cadi da Sudan suka ƙetaro Bahar Maliya, da waɗanda jirgi ya kawo Umara suka maƙale. Matan gidajen nan, kamar 'yan'uwansu na Fagge da Tudun Wada, sun kamu da littattafan Hausa na waya. Wata ta karanta a Wattpad ko a zauren WhatsApp, wata ta kunna mai karantawa a YouTube tana wanke-wanke. Cikin labaran da ke tashe kuwa har da na 'yar fim, da 'yar gidan gala, da mai rawa a TikTok, da mawaƙiyar biki: yarinyar da ta shiga harkar nishaɗi, da abin da harkar ta ci mata. Abin da ake ja-in-ja a kai shi ne ko irin wannan labari ya cancanci a rubuta shi, balle a saurare shi a garin da Ka'aba take.

Masu cewa a rufe ba duka ne masu zafin kai ba, kuma hujjarsu ta farko hujja ce ta wanda ya san yadda labari ke kama zuciya. Sun ce marubuci ba zai iya rubuta mai rawa ba sai ya sa ta yi rawar. Dole ya kwatanta karairayar jiki, da leshin da ta ɗaura, da ƙamshin humra, da yadda sababbin kuɗi ke zubo mata a goshi har ta riƙa taka su. In bai yi haka ba, labarin ya mutu. In kuwa ya yi, to ya gama talla, domin abin da yarinya 'yar shekara 15 za ta riƙe ke nan. Nadamar da za ta zo a shafukan ƙarshe, da gadon asibiti, da kuka a kan sallaya, kowa ya san haraji ne marubucin yake biya don kada a zage shi. Kasuwar waya kuma ta ƙara wa abin gishiri. Ana sakin shafukan farko kyauta, a katse daidai inda Alhaji ya turo direba a ɗauko ta, a ce mai son ci gaba ta tura kuɗi ta turo shaida. Wanda ke sayar da labari a haka ya san abin da ake biya, kuma ba wa'azin ake biya ba. Ban ga ta inda za a musanta wannan ba.

Ƙorafin ya girmi littattafan waya. A 2007 gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau, ta hannun shirin A Daidaita Sahu, ta ƙona littattafan soyayya a bainar jama'a a Kano. A shekarar ce kuma fitar wani bidiyon sirri na wata 'yar fim ta sa aka dakatar da shirya finafinai na wasu watanni, aka damƙa Hukumar Tace Finafinai a hannun Abubakar Rabo. Ƙona littafi bai yi maganin komai ba, littattafan sun bar shagunan kasuwar Sabon Gari sun koma inda ashana ba ta kaiwa. Amma tsoron da ya sa aka kunna wutar yana nan a zukatan iyaye, kuma ba tsoron banza ba ne.

Hujja ta biyu ta mutanenmu na Makka ce, ba za ka ji ta a Kano ba. Rufin asiri a Makka ya wuce maganar kunya. Wani lokaci shi ne kawai tsakanin mutum da Shumaisi, sansanin da ake tsare waɗanda za a yi wa tarhil, wato a mayar da su ƙasarsu. Akwai gidajen da iƙamarsu, wato takardar izinin zama, ta mutu, akwai waɗanda ba su taɓa samun ta ba duk da a nan aka yanke musu cibiya. Matar da ke buga duffu a bikin mata, galibi ba da wata takarda take yi ba. Littafin da zai ce ga yadda ake kama istiraha, wato zauren haya, a yi biki, ga mai haɗa ƙungiyar, ga yadda ake raba kuɗin dare, ko an sauya sunaye, al'ummar ƙarama ce, kafin a kai rabi an gane ko wace ce. Ga kuma bakin maƙwabta. Wanda ya karanta abin da aka rubuta a kan Asayel ya san akwai masu jiran abin da za su nuna su ce ga halin takari. Don me za mu miƙa musu da hannunmu?

A bakin wata gwaggona da ke dafa abincin sayarwa ga alhazai na ji maganar ta fito fili. Tana tuƙa tuwon shinkafa a babbar tukunya, 'yarta na ƙulla miyar kuka a leda, waya na jingine jikin galan ɗin mai, mai karatu yana ta zuba labarin wata 'yar gala.

"Ke, kashe mini wannan shashancin," in ji Gwaggo. "A garin Ɗakin Allah ake sauraron labarin 'yan iska?"

"Umma, ai ba 'yar iska ba ce. Ƙanin babansu ne ya cinye musu gado, ita take biya wa ƙannenta makaranta."

"Duk haka suke cewa. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa."

"To Umma, ranar bikin Yaya wa ya ɗauko masu kiɗan? Har kika ce in ba waccan matar ba ce, ba kya so."

Gwaggo ta ɗago muciya ta nuna ta da ita. "Wannan sana'arta ce, kuma tsakanin mata take yi. Ban ce a sa ta a littafi duniya ta ji ba."

Daga wannan gaɓar masu cewa a rubuta suke ɗaukar tasu hujjar. Ba a biki sai da mata masu kiɗan nan. Bikin mata a Hijaz ba ya ɗaukar zafi sai dare ya raba. Sau da yawa a ƙofa ake karɓe wayoyi, don kada hoton kowa ya fita. Masu kiɗan, waɗanda ake kira taggagat, suna zaune a gefe guda, ɗaya tana kara fatar duffu a kan wuta don ta ɗaure, tafin hannunta ya yi kanta, yatsu biyu naɗe da filasta. Amarya ba ta shigowa sai tsakar dare ya gota, su kuwa tun kafin nan suke bugu, ba za su ajiye ba sai gab da asuba. Sannan su zura abaya su tsaya a bakin ƙofa suna jiran direba, murya ta dushe. Matan da suka yi rawa har suka jiƙe da gumi a daren, da yawansu ba za su yarda ɗansu ya auri 'yar mai duffun ba. Kuma ba fiƙihu ne ya hana ba, tunda malamai da yawa sun halatta duffu a bikin mata. Asali ne da launin fata. Sana'ar ta daɗe a hannun baƙaƙen mata, wasu zuriyar bayi, a ƙasar da sai 1962 aka haramta bauta, wasu zuriyar alhazan Afirka. Ko Itab, mawaƙiyar da ta fito daga cikin irin waɗannan bukukuwa ta yi suna a duk ƙasashen Larabawa, a Masar ta yi yawancin sana'arta, can kuma ta rasu a 2007.

Mu ma a gida haka muke. Zabiya, da 'yan amada, da masu kiɗan ƙwarya, ana nemansu ranar suna da ranar kamu, a yi musu liƙi, a kuma ja wa yara kunne kada su yi kama da su. Hajiya Barmani Coge ta Funtuwa ta rasu a 2013 bayan ta shafe shekaru tana gaya wa matan Hausa su kama sana'a, kuma da wuya a sami gidan da ba a san muryarta ba. Amma mutum nawa suka san yadda take raba kuɗi da 'yan amshinta, ko abin da take tararwa a gida in ta dawo daga wasa? Masu cewa a rubuta suna cewa al'ummar da ke cin moriyar mutum da dare ta kau da kai da rana, shirunta ba kunya ba ce, kare kai ne. Sun ƙara da cewa shirun yana da masu amfana da shi: mai gidan gala da ke riƙe kuɗin yara, da mai shirya fim da ke gindaya sharaɗin da ba a rubutawa, da uwar ɗakin da ke kai ƙanana wurin manya. Yarinyar da za ta shiga harkar ba ta da inda za ta ji gaskiyarta. Hotunan Instagram ba za su gaya mata ba, mai wa'azi kuma bai san cikinta ba.

Maganar cewa garin ya fi ƙarfin irin wannan labari kuwa, tarihin adabin garin bai goyi bayanta ba. Kitabul Agani na Abul Faraj al-Asfahani, wanda aka rubuta a ƙarni na 10, cike yake da labaran mawaƙan Makka da Madina na zamanin Banu Umayya, irin su Jamila da Azza al-Maila da Sallama. Labarin Sallama ya fi shahara. Baiwa ce mai murya, wani mai yawan ibada a Makka, Abdurrahman da ake yi wa laƙabi da al-Ƙassu, ya ji waƙarta ya kamu da sonta, ya kuma kame kansa, daga baya aka sayar da ita har ta kai fadar Halifa Yazidu ɗan Abdulmalik a Sham. Ali Ahmad Bakasir, marubucin da aka sani da kishin Musulunci, ya mayar da labarin littafi a shekarun 1940, aka yi fim ɗinsa a 1945 Ummu Kulsum ta fito a Sallama. Abin lura a labarin shi ne inda asarar take. Ba zunubi ne ya raba ta da wanda take so ba. Muryarta ce ta ɗaga kuɗinta har ya fi ƙarfin aljihunsa. A zamaninmu Raja Alim, 'yar Makka da ta ci babbar kyautar ƙagaggen labarin Larabci a 2011, ta rubuta Khatam a 2001, inda son kiɗan udu ke jan wani yaro mai rayuwa tsakanin kayan mata da na maza zuwa gidan mawaƙa a tsohuwar Makka. Mahmud Tarawri kuma, wanda kakanninsa daga Afirka ta Yamma suka zo, ya rubuta Maimuna a kan irin mutanenmu da suka zo Hajji suka zauna. Ba a ji sama ta faɗo ba.

Ni dai ina tare da masu cewa a rubuta. Amma ba don littattafan da ke cikin wayoyinmu ba, domin yawancinsu a ɓoye ra'ayin Gwaggo gare su, sun dai fi ta son kallo ne kawai. Tsarinsu kusan ɗaya ne. Kishiyar uwa ko auren dole ya koro yarinya, ta faɗa bariki, ta yi tashe, ta hau mota, ciwo ya kama ta, ta tuba ko ta mutu. Lissafin asara ɗaya ake yi, na mutunci, kuma ita kaɗai ake miƙa wa takardar biya. A irin waɗannan labarai mai rawa da karuwa mace ɗaya ce, ba a ko tsaya an bambance ba. Manyan marubutanmu sun taɓo matar bariki da idon rahama, kamar yadda Ibrahim Sheme ya yi a 'Yartsana a 2003, inda ya bi matar da auren dole ya jefa cikin duniya ya kuma ɗauke ta a matsayin mutum. Amma matar da kiɗa da rawa ne aikinta, wadda ta koya, ta ƙware, take da abokan gasa da almajirai da ranar da kasuwa ta ƙi, har yanzu tana jiran wanda zai zauna ya dube ta.

Najib Mahfuz na Masar ya nuna yadda ake wannan lissafi. A jerin littattafansa uku na Alƙahira, waɗanda suka fito a 1956 da 1957, akwai mawaƙa mata uku, kowace da inda ta ƙare. Zubaida, wadda manyan gari ke layi a gidanta, ta tsufa ta tsiyace, hodar iblis ta cinye ta har tana roƙon waɗanda suka san ta a dā. Jalila ta koma riƙe gidan mata. Zannuba mai kaɗa udu ta auri Yasin, ta dage har dangin miji suka karɓe ta. Ba a ce duk mai waƙa ga makomarta ba. Abin da ya fi muhimmanci, wanda Mahfuz ya sa a gaba shi ne mai kallon: Sayyid Ahmad Abduljawad, ɗan kasuwar da ya kulle matarsa Amina shekara da shekaru, ya kore ta daga gida don ta fita ziyarar masallacin Husaini ba da izninsa ba, alhali shi kusan kullum a gidan Zubaida yake raba dare, har yana karɓar duffu ya buga. Mai karatu ba ya gama littafin yana sha'awar zama Zubaida. Yana gamawa ne ya fara kallon dattawan unguwarsu da wani ido. Wannan ita ce amsar hujjar talla: labarin da ya juya fitila ya haska mai liƙi, ba ya zama talla.

Masu kallon finafinan Indiya sun san Umrao Jaan, wanda Rekha ta fito a ciki a 1981. Asalinsa littafi ne na Mirza Hadi Ruswa da ya fito a 1899, labarin yarinyar da aka sato daga Faizabad aka sayar a Lucknow. Ƙarfin littafin shi ne matar ce ke ba da labarinta da bakinta bayan ta manyanta, tana faɗin yadda aka koya mata waƙa da rawa da karatu, da wanda ya ba ta kaza, da wanda ya cuce ta. Ba a kashe ta don a huce ba. An bar ta da ranta da hankalinta, tana auna rayuwarta da kanta, kuma danginta ne suka ƙi ta.

Abin da littattafanmu ke tsallakewa shi ne asarar da ba ta da armashi. Gwiwar da ta fara ƙara tun kafin shekara 40. Muryar da ta tsage, babu hutun da za a ba ta don akwai biki gobe. Kason mai ƙungiya, da na direba, da na wanda ya kawo aikin, da abin da ya rage a tafin hannu. Ɗan da ake tsokana a makaranta da sana'ar uwarsa. A Kano kuma ga dokar da ba a rubuta ba, cewa aure ne ƙarshen sana'ar 'yar fim, in auren ya mutu ta dawo a ce ta kashe shi ne don fim. A watan Oktoba na 2016 ƙungiyar masu shirya finafinai ta MOPPAN ta kori 'yar fim Rahama Sadau daga masana'antar saboda ta fito a bidiyon waƙar ClassiQ ana riƙe hannu da runguma. Ba wai maza ba sa shan tasu ba, ai an ɗaure Adam Zango a 2007 a kan bidiyon waƙa. Sai dai namiji yana fitowa ya ci gaba, ya yi aure ya ƙara, abin ya zama tarihi. Mace kuwa abin yana bin ta har gidan miji, wani lokaci har gidan 'yarta. Ga kayan labari jibge, amma an fi son a kai ta ɗakin otal a rufe ƙofa.

A Saudiyya ma lokaci na ƙure wa wannan labari. Bayan harin da Juhaiman al-Utaibi ya kai Harami a watan Nuwamba na 1979, mata mawaƙa sun ɓace daga talabijin, zauren bikin mata ya zama kusan shi ne kaɗai dandalinsu, kuma masu duffu ne suka riƙe kiɗan mata tsawon waɗannan shekaru. Yanzu kiɗa ya sauya. An kafa Hukumar Nishaɗi a 2016, an buɗe gidajen sinima a 2018 bayan shekara 35, an fara bikin Riyad a 2019 ana ɗauko taurarin duniya da maƙudan kuɗi. Rawar mizmar ta mazan Hijaz, wadda ake yi da sanduna, ta shiga jerin al'adun gado na UNESCO a 2016. Amma ƙofar daga sama aka buɗe ta, ba a aika wa tsohuwar mai duffu goron gayyata ba. A zauren bikin ma dije mace da kwamfuta tana neman ture ta, don ta fi arha kuma ba ta gajiya. Haifa al-Mansur ta ɗan taɓo abin a fim ɗinta na 2019, wanda jarumarsa likita ce mai takarar kansila da ake yi wa gori don mahaifiyarta mawaƙiyar biki ce. Nan da wasu shekaru, masu ba da labarin daga ciki za su ragu ƙwarai.

Duk da haka akwai abin da ban iya kawar wa Gwaggo ba. Mai duffun ba ta ce a rubuta ta ba. Sallama ta mutu fiye da shekara dubu kafin Bakasir ya ɗauki alƙalami, Zubaida kuwa ƙirƙirar Mahfuz ce a birnin da mutum zai ɓace cikinsa. Shisha ba Alƙahira ba ce. Marubucin da ya zo Umara ya zauna a gidan 'yan'uwa, ya kwashi sirrin matar da ba ta da iƙama, ya koma Kano ya sayar shafi-shafi, ko da gaskiya ya faɗa, ya ci amana, kuma in askarawa suka ƙwanƙwasa ƙofa ba tasa za su ƙwanƙwasa ba. Ana iya rage haɗarin: a haɗa mata da yawa a fitar da ɗaya, a sauya unguwa da zamani, a nemi yardar mai labarin, a karanta mata kafin a saki. Amma wannan aiki ne na haƙuri, kuma kasuwar da ke neman sabon shafi kowane dare ba ta biyan haƙuri. Gasar Hikayata da BBC Hausa ta fara a 2016 ta fito da marubuta mata masu ido, sai dai gajeren labari ba ya ɗaukar rayuwar shekara 40 a bakin aiki.

Saboda haka nake ganin wadda ta fi dacewa ta rubuta shi ita ce 'yar mai duffun, wadda ta taso tana riƙe wa uwarta jaka a ƙofar istiraha, ta san nawa ake biya a lokacin hutun makaranta da nawa ake biya in Muharram ta shigo, ta kuma san abin da bai kamata ya fita ba. Cikas ɗin shi ne irin waɗannan 'yan mata da Larabci suka yi makaranta. Suna jin Hausa raɗau, suna sauraron littattafanta, amma ba su saba rubuta ta da boko ba. Marubutan Kano da Katsina suna da bokon da kasuwar, amma ba su taɓa kwana a zauren ba. In littafin ya fito a haka, da Larabci zai fito, masu karatun Jidda da Riyad su riga mu gani, mu kuma mu jira wanda zai fassara mana labarin mutanenmu, a harshen da ba mu da masu fassara ƙagaggen labari daga Larabci sai ƙalilan.